Littattafan Shekarar da Muka Kwance Rufi

Ruwan farko na bana ya same ni a tsugune ina wanke shinkafa a tsakar gidan da muke haya a Mararaba. Iska ta fara kwasar shanyar mutane, gari ya yi duhu ta gabas. Ban san lokacin da na bar shinkafar ba. Na ruga ɗaki, na ɗaga katifa na jingine ta da bango, na tura buhun gari ƙarƙashin tebur, na suri ɗana Abba na saɓa a kafaɗa. Sai da na tsaya tsakiyar ɗaki ina haki sannan na ɗaga kai na ga silin. Ɗakin nan da rufinsa. Jikina ne bai sami labari ba tukuna.

A makon ne malamarmu ta makarantar matan aure ta ce kowace ta rubuto littattafan da ta karanta cikin shekarar da ta wuce, da wanda ya fi kwanta mata a rai. Nawa uku ne, kuma ban san sunan ko ɗaya ba, domin babu mai bango a cikinsu. Labarinsu kuma ba ya rabuwa da na daminar bara, tun da a ƙarƙashin tampol na karanta su.

Aji huɗu na yi a firamare kafin Innata ta kwanta ciwo a cire ni. Karatuna na yatsa ne. Sai na ɗora yatsa a kan kalma, na haɗa ta a baki, sannan in wuce gaba. Turanci kuwa, in ya wuce sunan sabulu, ya wuce ni.

Bara war haka muna zaune a wata unguwa bayan Dei-Dei, a gidan kanmu, ɗaki biyu na bulon laka. Mijina, Baban Abba, lodi yake yi a kasuwar kayan gini. Shekarun nan Abuja gini take yi ba ji ba gani, tirelolin siminti da rodi ba sa yankewa a titi, shi kuma kullum ya dawo fari fat, har gashin idonsa. A duk abin da ya mallaka, kwanon rufinmu ya fi ji da shi. Ba a tashi ɗaya ya same shi ba. Falle-falle ya tara kusan shekara biyu, yawanci waɗanda suka lotse a mota ogansa ya ce ya ɗauka. Ya ɗauko a ka, ya shimfiɗa a ƙasa, ya yi ta bugu da guduma har su miƙe. Ya san kowane falle. Yakan kwanta rigingine ya nuna mini: "Kin ga wancan mai tsatsa a gefe? Ranar da aka ce kina da ciki na kawo shi."

Abba yana wata biyar wasu mutum uku suka zo a mota da bokitin jan fenti. Gida-gida suka bi suna zana gicci a bango. Da aka tambaye su, ɗayansu ya ce unguwar ba ta cikin tsarin gari, an ba mu sati biyu.

Duk wanda ya zauna a gefen Abuja ya san abin da ake yi in jan fenti ya hau bango. Katafila ba ta jira a cire ƙusa. Mun ga unguwar da ke gaba da mu, inda mutane suka tsaya jiran rangwame, aka murƙushe musu komai. Don haka ba a jira. Maza sukan yi gayya su kwance rufi tun da wuri, su cire ƙofa da taga, a kai ajiya, a bar wa katafila laka kawai. Ranar Lahadi aka fara daga bakin hanya. Mutum goma sha wani abu a kan gida ɗaya, wasu na zare ƙusa, wasu na miƙo kwano, mu mata muna dama kunu muna tsince ƙusoshi cikin gwangwani. Har da raha ake yi. Da aka zo namu, Baban Abba bai yarda kowa ya taka kwanonsa ba, shi ya hau da kansa. Kafin la'asar ina tsaye cikin ɗakina ina kallon shirwa tana shawagi.

Aka kai kwanon gidan Mama Ladi, wata dattijuwa Bagwariya a ƙauyen da ke jikin unguwarmu. Su ƙauyensu ba a shafa masa fenti ba. Aka jera shi bayan rumbunta, aka danne da duwatsu. Mu kuma muka ɗaura tampol a kan ɗaki ɗaya, na sati biyu.

Sati biyu suka wuce ba su zo ba. Wata ya wuce. Babu wanda ya mayar da rufi, domin kullum da safe sai wani ya ce ya ji daga bakin wani cewa gobe ne. Baban Abba ya yi ta neman ɗakin haya, to amma duk unguwa nema take yi a lokaci ɗaya, masu gidaje kuwa sun gane. Ya ce ko in tafi gida. Wane gida? Inna ta rasu, Baba yana raɓe a wurin yayana, babu inda zan ajiye tabarma.

Da farko zafi ne ya dame mu. Tampol shuɗi ne, in rana ta take sai ɗakin ya koma tukunya, komai ya yi shuɗi har fuskar yaro, warin roba ya cika hanci. Ƙuraje suka feso wa Abba a wuya da bayansa. Daga nan ruwa ya kankama. Na koyi aikin da ban taɓa sani ba. In ruwa ya taru tampol ya yi ciki, sai in sa taɓarya in tokare shi daga ƙasa in tura ruwan waje, a hankali, don in aka yi gaggawa ta bango yake gangarowa. Ashana a cikin leda, ledar a cikin rigata. Gawayi kullum a jiƙe, sai na yi ta fifita ina hawaye kafin ya kama. Katifa ba ta ƙara bushewa sosai ba har muka rabu da ita. Kan bangon da ba shi da rufi ya fara narkewa, jan ruwa yana bin jikinsa kamar an yanka wani abu.

A cikin wannan hali littattafan suka zo. Maƙwabciyata Anti Hajara shara take yi a wani ofishin gwamnati a Garki. Madam ɗin ofishinsu za ta tare a sabon gida, ta fitar da kwali guda na tsofaffin takardu ta ce a ƙone. Anti Hajara ta ɗauko shi don hura gawayi. Bangayen ta fara yagewa, wai sun fi kama wuta. Na shiga aron wuta na ga tana shirin yaga wani, idona ya faɗa kan layin farko, na ga Hausa ce.

"Anti, tsaya! Wannan ai magana ce a ciki."

"To da mene ne a cikin takarda in ba magana ba? Tuwo?"

"Ki ba ni shi, don Allah."

"Ɗauki. Amma in wutata ta ƙi kamawa, ke za ki zo ki hura da baki."

Na tone kwalin har ƙasa. Duk Turanci ne da lissafi, sai guda uku.

Na farko labari ne, na wata mata Delu da mijinta direba ya rasu ya bar mata babbar mota. 'Yan'uwansa suka ce a sayar, ta ƙi. Direbobin da ta ɗauka suka yi ta cutarta, sai ta ɗaura ɗamara ta riƙa shiga gaban mota ana tafiya da ita, daga Kano har kudu. Na fara karanta shi ni kaɗai, ina motsa baki. Anti Hajara ta ce in ɗaga murya. Kafin sati ya zagayo, in an yi azahar mata biyar ko shida ne a ƙarƙashin tampol ɗinta, da yake nata ya fi girma, wata na tsifa, wata na gyaran wake, ni ina bi da yatsa. In na maƙale a kalma sai su yi ta cinka.

"Ke Rabi, yi sauri mana, motar nan tun jiya take kan gada!"

"To karɓi ki tuƙa ta da kanki."

Wani lokaci ruwa ya yi ƙarfi har ba a jin muryata, sai mu yi shiru mu jira, littafin yana cikin hijabina. Ban taɓa sanin ana mantawa da yunwa saboda matar da ba ta taɓa rayuwa ba sai a lokacin. Da muka kai ƙarshe muka tarar babu ƙarshen. Anti Hajara ta riga ta dafa wake da shi. Delu tana tsaye a garejin wani bakanike da ya ce yana sonta, ta buɗe baki za ta ba shi amsa, takarda ta ƙare. Ranar an kusa dambe.

"Wallahi ta aure shi."

"Ta aure shi ya cinye motar? Ba ki san maza ba."

"Hajara, ke dai Allah ya isa. Duk takardun Turancin nan ba ki ga na ƙonawa ba sai auren Delu?"

Na biyun na noman lambu ne, da zanen yadda ake jera kunya da tazarar da ake bari tsakanin shuka. Shi kam, Mama Ladi nake karanta wa. Da damina ta yi nisa gini ya ja baya, lodi ya ragu, wata rana Baban Abba ya wuni a kasuwa ya dawo hannu biyu. Muka koma jiƙa garin kwaki da rana, tuwo sai dare. Sai mu mata muka riƙa bin Mama Ladi gona muna taya ta cire ciyawa, ita kuma ta sallame mu da ɗanyar masara, ko rogo, ko ganyen wake. In mun zauna hutawa a gindin ɗorawa sai ta ce, "Rabi, kawo wannan malamin naka mu ji." In karanta mata cewa a auna taki ɗaya da rabi tsakanin rami da rami. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Wannan mutum, ta taɓa riƙe fartanya kuwa? Ƙasa ne yake gaya maka, ba igiya ba."

Amma da na karanta inda ya ce a barbaɗa toka a kan ganye saboda tsutsa, sai ta gyaɗa kai. "To, nan ta yi gaskiya. Uwarsa ne ya gaya mata."

Na ukun shi ne ya hana ni sakat, kuma shi zan ce na fi so, ko da yake ban taɓa jin daɗinsa ba. Ɗan ƙarami ne, na kula da jarirai, irin wanda ma'aikatan lafiya ke rabawa. Kowane shafi da ciwo da hotonsa. Na karanta shi ya fi sau goma. Duk ciwon da na karanta sai na gan shi a jikin Abba. Na karanta na gudawa, na wuni ina danna maɗigarsa in ji ko ta faɗa. Na karanta na shawara, na riƙa buɗe masa ido a rana har ya yi kuka. Sau biyu na tayar da hankalin Baban Abba muka tafi asibiti, aka ce haƙori ne, aka ce ba komai. A dawowa ta biyu bai yi mini magana ba sai da muka iso gida.

"Rabi, littafin nan zai haukata ki. Da can da ba ki da shi, lafiya lau muke."

"Da can da rufi a kanmu."

Ban yi niyyar faɗa ba, fita ta yi. Ya dube ni, ya ɗauki buta ya fita.

Azumi ya kama a tsakiyar marka. Ruwa ba mai ƙarfi ba, amma ba ya ɗaukewa, kwana uku, huɗu, ba a ga rana ba. Kayan Abba in na wanke ba sa bushewa, sai in gasa su a kan wuta, su yi warin hayaƙi. Ƙasan ɗaki ya yi damshi har tabarma ta yi fumfuna. Sahur ɗinmu ɗumamen tuwo, buɗa-baki kunu da abin da ya samu. Ina azumi ina shayarwa, Anti Hajara tana yi mini faɗa in ajiye in rama, ni kuwa ina ganin in na ajiye azumi a wannan hali, to da me zan roƙi Allah? Abba ya fara tari. Na ce tari ne. Na hana kaina buɗe littafin kwana biyu, don kar a ce na fara.

Ranar sha ɗaya ga azumi da safe na ba shi nono ya ƙi kama. Ya kama ya saki, ya kama ya saki, kamar wanda ke gudu. Jikinsa zafi. Na ɗaga rigarsa. Duk numfashin da ya ja, sai ƙasan haƙarƙarinsa ya lotsa ciki. Na san hoton nan. Yana shafi na kusa da ƙarshe, yaro a kwance, an zana kibiya tana nuna daidai wurin. A ƙasa an rubuta a ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya, in ya kai hamsin ga ɗan ƙasa da shekara, kada a jira. Baban Abba yana ɗaura takalmi zai fita. Na ce ya ba ni wayarsa in duba agogo. Na ƙirga, na wuce hamsin minti bai cika ba. Na ce ko na yi kuskure, na sake. Haka.

"Baban Abba, mu tafi asibiti."

"Yau kuma wane shafi ne?"

"Zo ka gani da idonka."

"Rabi, yau mota biyu za a sauke. Kwana huɗu ban yi aiki ba. In ban je ba me za ki dafa? Mura ce. Ki shafa masa man zafi, in na dawo ma gani."

Ba mugunta ba ce. Ni na ɓata maganata da kaina tun a baya. Ya fita cikin yayyafi da buhu a ka.

Anti Hajara ta tafi aiki. Na goya Abba, na rufa leda, na bi ta cikin masara zuwa gidan Mama Ladi. Tana ganin ƙirjinsa ba ta tambaye ni littafi ba. Ta ajiye abin da take yi, ta ɗaura ɗankwali. "Yaro nan tana shan wahala. Mu je." Hanya ta lalace, babu mai babur da zai shigo, muka taka har bakin titi, laka tana cire mini silifa. Ina tafe ina jin numfashinsa a bayana, ƙit-ƙit-ƙit, ina ƙirgawa ba da niyya ba.

A asibiti wata ma'aikaciya ta sa abin sauraro a ƙirjinsa, ba ta ce mu bi layi ba. Ta ce sanyi ya kama masa huhu. Aka yi masa allura, aka ba mu gado. Tana rubutu ta tambaye ni a ina yake kwana. Na ce a ɗaki. Ta ce ɗakin yana yoyo? Na ce ba shi da rufi, tampol ne. Ta ajiye biro ta dube ni.

"Tun yaushe?"

"Wata uku."

"Maman yaro, magani zai yi nasa. Amma in kika mayar da shi cikin damshin nan, za ki dawo mini da shi, kuma ban san yadda zai dawo ba."

Kwana uku muka yi. Baban Abba ya zo tun ranar farko da yamma, da siminti a jikinsa, ya tsaya a bakin gado. Ya kai hannu zai taɓa yaron, ya dubi hannun, ya mayar.

Da aka sallame mu Mama Ladi ta ce in zauna a wurinta, to amma ɗakunanta iyali uku ne a ciki da kayansu, saura ɗakin girki, hayaƙi kuwa shi ne abin da aka ce in nisanta shi da shi. Muka koma tampol. Ranar, bayan an sha ruwa, Baban Abba ya idar da magariba yana zaune a kan buzu, na zauna a gabansa. Ban taɓa yi masa magana irin ta ranar ba.

"Ka mayar mana da rufi. Ɗaki ɗaya kawai."

"Kin san abin da kike cewa?"

"Na sani."

"In na mayar suka zo fa? Ba sa sallama, Rabi. Kwanon nan shi kaɗai ya rage mana. Da shi nake sa ran in na sami wani fili mu sake tayar da ɗaki. In ya tafi, mun zama 'yan haya har abin da Allah ya yi."

"Wata uku ana cewa gobe."

"Wata rana goben za ta zo."

"To ta zo ta sami yaron nan da rai."

Abba ya yi tari a bayana, irin mai kamar ana yaga tsumma. Na ce, "Ni ban iya komai ba, ban yi karatu ba. Amma wannan na karanta shi, kuma na gani. Sauran duk na yarda na yi hauka. Wannan ba hauka ba ne."

Da safe na ga bai ɗaura takalmin kasuwa ba.

Babu gayya a wannan karon. Mazan da ya gaya wa suka ce ya sami taɓuwa. Wani ya tsaya a bakin hanya yana ce masa, "Sani, kai da katafila kuka yi alkawari ne? Ko kana yi mata shimfiɗa?" Wani ya ce mace ta karanta takarda ta juya shi. Mama Ladi da 'ya'yanta mata biyu ne suka taya mu ɗauko kwanon, a kafaɗa, yadda suke ɗaukar itace. Na zaci zai zaɓo masu tsatsa, waɗanda asararsu ba za ta yi ciwo ba. Sai na ga yana ware masu kyau, yana ɗaga kowanne a rana yana duba huda. Na ce ya kawo tsofaffin mana. Ya ce, "In za a rufa, a rufa. Ba zan hau sama da azumi don in yi miki rariya ba." Ya wuni a sama shi kaɗai, ina miƙa masa ƙusa daga gwangwani, yana toshe tsofaffin huda da kwalta. Ana kiran la'asar ya buga ta ƙarshe, hadari yana haɗowa.

Ruwan ranar a kan kwano ya sauka. Na zauna a tsakiyar ɗaki da taɓarya a kusa da ni, babu abin da zan tokare. Na hura gawayi a bakin ƙofa don ɗakin ya yi ɗumi. A kwana na uku ƙasa ta fara bushewa. Abba ya kama nono ya riƙe. Tarin ya yi laushi, ya ragu. Na ƙirga numfashinsa safe da yamma, yana sauka. Ya fara miƙa hannu yana kama mini littafi yana kaiwa baki. Har yau ban sani ba ko allurar ce ta yi, ko rufin ne. Wani lokaci in na tuna abin da ya biyo baya, sai in ce da na yi haƙuri na ƙara kwana tara, wataƙila da ya warke haka nan. Wataƙila kuma da ba haka ba. Babu shafin da ya faɗi wannan.

Ranar Alhamis da hantsi, ana saura kwana biyar ko shida Salla, maza duk suna kasuwa, muka ji ƙara daga bakin hanya. Katafila biyu da motar 'yan sanda. Sauran gidaje ba su da abin cirewa, mata suka kwashi tukwane suka fito. Ni na ruga wurin mai riƙe da takarda na durƙusa a cikin laka.

"Oga, don Allah awa ɗaya. Mijina ya zo ya cire kwano. Yaro ne ba lafiya."

"Madam, tun yaushe aka ba ku notis? Kowa ya cire nasa, ke kika mayar? Ɗauki yaronki ki matsa."

Na aika a kira Baban Abba. Na fitar da tukunya, da buhun gari, da jakar da katin asibiti yake ciki. Littafin jarirai yana cikinta, shi ya sa ya tsira. Delu da mai lambu suna ƙarƙashin katifa, ban tuna da su ba sai daga baya. Na tsaya a gindin mangwaro da Abba a baya, Mama Ladi ta riƙe mini hannu. Da yake namu ne kaɗai mai rufi, shi ya fi ƙara. Bakin katafila ya sauka a kai sau ɗaya, kwanon ya naɗe kamar takarda, ta bi ta kai ta wuce gidan Anti Hajara.

Sun gama da layinmu kafin ya iso. Na hango shi yana gudu, da ya matso sai ya koma tafiya. Ya wuce ni ya je ya tsaya a kan tarin lakar. Ya sunkuya ya ja gefen wani falle, ya ƙi fitowa, ya sake ja, ya bari. Abin da ya rage a bayan rumbun Mama Ladi masu tsatsa ne, ba su isa rufe ɗaki ba, mu duka mun sani. Masu sayen ƙarfe har sun fara taruwa da kurarsu suna jira ya matsa.

Na je na tsaya a bayansa.

"Baban Abba, ka yafe mini. Ni na sa ka."

Bai juyo ba.

"Kwana nawa yaron ya yi a ciki?"

"Tara."

"Yana barci?"

"Yana yi. Har sai na tashe shi shan nono."

Ya goge hannunsa a wando, gefen kwanon ya yanke shi bai ma kula ba.

"To, kwano ya yi aikinsa," ya ce. Ya ɗaga wa masu kura hannu su zo su kwasa. Sannan ya juyo, idonsa ja. "Sauko mini da shi. Ke ɗauki tukunyar."